Ranar Da Wandona Ya Tsallaka Katanga

Uwargida ta daɗe tana yi mini maganar injin busar da kaya, irin wanda ta gani a gidan yayarta a Abuja. Ni kuwa amsata ɗaya ce: mutumin Kano da rana ke gasa shi, zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, shi ne zai sa kuɗi ya sayi zafi? Ga injin da shan wuta, alhali ɗan janaretona ko dutsen guga aka jona masa sai ya kama tari. Na ce igiya ta ishe mu.

Sai ta tafi suna garinsu, ta bar ni da farar shaddar da zan sa ɗaurin auren ƙanin maigidana ranar Asabar. Abin da na manta, ba Afrilu muke ba. Tsakiyar Agusta ce, marka ta kankama.

Juma'a da hantsi na zage na wanke, na sa bula, na dama sitaci kamar zan yi wa unguwa kunu. Na shanya. Na nemi abubuwan maƙale kaya na rasa, ashe yara sun mai da su motoci. Na ce ai shadda na da nauyi, na wuce masallaci.

Ana tsakiyar huɗuba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi wuluk. Kowa ya san a damina iska ce ke fara yin sallama kafin ruwa. Liman yana ta jan hankali kan ƙin son abin duniya, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, zuciyata tana kan igiya.

Da na iso gida, riga tana bakin kwata, akuyar uwargida ta taka wuyanta tana tauna. Ban ga laifinta sosai ba, sitaci ai daga rogo yake, ita abinci ta gani an shanya mata. Wando kuwa ko sama ko ƙasa. Ƙaramin ɗana ya ce, “Baba, ya tashi kamar jirgi, ya sauka gidan Alhaji.”

To, Alhajin nan dattijo ne mai mata uku a kulle, ko mai gyaran famfo sai yana tsaye a kansa. Na aiki yaron, na ja masa kunne ya yi magana a hankali. Ina daga ƙofar gida na jiyo muryarsa har kan titi: “Assalamu alaikum! Wai in ji Baba a ba shi wandonsa da ke cikin gidan nan!”

Alhaji da kansa ya fito, riƙe da wandon da yatsu biyu. Ya dube ni, ya dubi wando, ya ce, “Malam, ta ƙofa ya shigo ko ta katanga?” Na ce, “Ranka ya daɗe, iska ce.” Ya ce, “Ai na ga alama.” Har yau ban gane wace iskar yake nufi ba.

Na sake wanki da magariba, na baza kayan a kan kujerun falo, na sakar musu fanka. Minti goma aka ɗauke wuta. Na aro dutsen gawayi, na yi ta guga har tsakar dare, rigar ta bushe da tambarin toka a kafaɗa, sai dai babbar riga ta rufa asiri. Wandon ne ya ƙi, musamman wajen mazugi.

Haka na sa shi da danshinsa. A wurin ɗaurin aure aka ba ni wuri a kan tabarma kusa da manya. Da aka shafa fatiha na miƙe, sai ga shatin zamana a jiƙe, dole na koma na zauna ina jan carbi har kowa ya watse. Maigidana ya zo wucewa ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka sa mu a addu'a.”