Jirgin Maraɗi zai ratsa mu, to mu da ke cikin gari fa?

Ranar Litinin da ta wuce na raka ƙanwata Ƙofar Ƙaura a nan Katsina za ta shiga jami'a, mun fi rabin awa tsaye a rana kowane napep ya zo a cike, ƙarshe ta maƙale ta huɗu a baya da jakarta a cinya, kuɗin ma sai da aka yi ciniki kamar ana sayen akuya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 haka muke fama kan titin Dutsin-ma.

Shi ya sa nake ganin muna kallon layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ido ɗaya. An ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, kowa hirarsa kaya da fatake. To ɗan makaranta fa, da mai kai tumatir kasuwa da safe ya dawo da yamma?

Akwai abin da ake kira taram, ƙaramin jirgin ƙasa mai tarago biyu ko uku da ke bin titi cikin gari yana tsayawa unguwa-unguwa. Ba sabon abu ba ne, da farko ma dawaki ke jan sa, a New York tun 1832, sai kamfanin Siemens ya sa masa lantarki a gefen Balin ta Jamus a 1881. Iskandariya ta Masar ta fara nata a 1863. Kai har Legas ta yi mai tururi a 1902, ya mutu a 1933. Da mota ta yi yawa garuruwa da dama suka tumɓuke nasu, daga baya kuma suka dawo suna kashe maƙudan kuɗi wajen sake shimfiɗawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne dabarar 1992. A Manchesta ta Ingila ba su tsaya gina sabon layi tun daga tushe ba, tsofaffin layukan jirgi biyu suka ɗauka, na Bury da na Altrincham, suka maida su na taram suka haɗa su ta tsakiyar gari. A shekarar dai, Karlsruhe ta Jamus ta yi taram da ke fita daga titin gari ya hau layin babban jirgi har garin Bretten, fasinja bai sauka ba bai canza ba. Wannan kam kamar don mu aka yi, domin layin Maraɗi ba wuni zai yi jirgi na bisa kansa ba, tsakanin wannan jirgi da wancan me zai hana ƙarami ya riƙa zirga-zirga Daura, Mashi, Katsina?

Na san za a ce ina wutar, kuma gaskiya ne. Amma a Kassel ta Jamus akwai taram mai haɗa lantarki da dizal. Tsorona ya fi yawa wajen gyara, Adis Ababa ta buɗe nata a 2015 daga baya taragai da yawa suka kwanta saboda rashin kayan gyara.

Don haka ni ban ce gobe a sayo taram ba. Fili nake roƙo. Tun 2023 kundin tsarin mulki ya ba jihohi damar yin layin dogo, gwamnatin jiha ta shata hanya daga tashar da za a gina zuwa kasuwa da titin Dutsin-ma, ta hana kowa ya kafa ko da rumfa a kai. Na je Funtuwa na ga tsohon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, awaki kwance kan ƙarfen, ciyawa ta haɗiye katakon, wallahi sai da raina ya ɓaci. Shi ma a kewaye shi tun kafin 'yan jari-bola da masu fuloti su gama da shi.