Daƙiƙa biyar ya auna inbata, mai shago ya ce kunnen Baba ne

Shekara sha ɗaya ina haɗa sola, amma ban taɓa jin wulaƙanci irin na jiya ba. Mun gaji da jiran wuta, na tattara kuɗi na saya wa mahaifina inbata. Tun ranar da na haɗa ta, rediyonsa ya daina kama gajeren zango. Dattijon da ba ya tsallake labaran safe na Hausa, yanzu ba abin da yake ji sai shuuu da ƙarar ƙarƙar. Kashe inbata, murya ta fito tar. Kunna, ta nutse.

Na ɗauke ta na mayar shagon da na saye ta. Yaron da suke kira injiniya ya jona wata 'yar na'urar auna ƙarar da inbata ke watsawa a mitocin rediyo, ya danna, ko daƙiƙa biyar ba a yi ba ya juyo min allon.

"Malam, ka gani, lafiya lau."

Na ce ɗan'uwa, ba ka ɗora mata kaya ba. Jona firji, ka bari fankarta ta tashi, ka haɗa wayoyin faifan sola, don su ne ke zame mata eriya. Ƙarar tana zuwa ne tana ɗaukewa.

Ko ɗago kai bai yi ba. "To kai ne injiniyan ko ni?"

Na danne zuciya na yi masa bayani. Na'urar da ta share daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30, wato mitocin da gajeren zango ke ciki, cikin 'yan daƙiƙu, a kan kowace mita ƙiftawar ido kawai take tsayawa. Idan ƙarar ba ta faɗo daidai wannan lokacin ba, allo zai nuna fes. Ka'idar CISPR 16, wato ka'idar duniya ta auna ƙarar da kayan lantarki ke yi wa rediyo, ta ce idan karatu yana hawa da sauka kusa da iyakar da aka amince, a zuba masa ido aƙalla daƙiƙa 15 a ɗauki mafi girma. Cikakken awo na wannan zangon da ma'aunin da ya fi kwaikwayon yadda kunne ke jin damuwa yana cin sama da awa ɗaya da rabi. Dole lokacin awo ya fi tazarar da ke tsakanin ƙara da ƙara, in ba haka ba me aka auna?

Sai mai shagon ya leƙo, yana dariya. "Tsohon naka ya saurara a waya mana. Wa yake jin gajeren zango yanzu? Ƙila ma kunnensa ne."

Kunnensa! Mutumin da ya fi ka shekaru ninki biyu, a gaban kwastomomi. Wallahi jikina rawa yake.

Kuma ba laifinsu kaɗai ba ne. Ina hukumomin da aka ɗora wa tantance kayan da ke shigowa ƙasar nan? Kwantena bayan kwantena na caja, ƙwan fitila da inbata, an cire musu matatar ƙara don a rage kuɗi, an manna tambarin inganci a kwali. An hana mu wuta, an tura mu sola da kuɗinmu, sannan an bar kasuwa ta cika da tarkacen da ke toshe rediyon talaka, shi da maƙwabcinsa da bai sayi komai ba.

Inbatar tana nan a shagona, sun ƙi karɓa. Yau da asuba Baba a duhu ya ji labarai.