Wutar da ta ci Yaya

Duk daren Asabar muna buga Dungeons & Dragons, wasan labari da dayis wanda kowa ke da jarumin da yake takawa, bugun 3.5 na 2003, kuma a teburinmu ni ne matsafi. Wata uku ina cika baki cewa wuta a tafin hannuna take. Mai jan wasan kaɗai ya san gaskiya: ko ashana ba ni da ita, rufa-ido nake yi.

Abin da nake taƙama da shi wani sihirin inuwa ne na mataki na 5, mai kwaikwayon sihirin wuta ko na tsawa daga mataki na 4 zuwa ƙasa. Duk wanda ya faɗa wa sai ya jefa dayis mai fuska 20 don a ga ko zai gano. In ya yarda wutar gaske ce, ta ci shi tas. In ya gano bogi ce, kashi 20 cikin 100 kawai zai ji.

A daren da asirina ya tonu, wani dodo ne ya ritsa jarumin yayan matata a bakin ƙofar katako. Na gyara zama, na ce, "Yaya, yi haƙuri da ɗan zafi." Na watsa dayis goma a kan tebur, ɗaya har ya faɗa cikin kofin shayi. Aka ciro, aka ƙirga: makin rauni 35. Ba wanda ya iya kaucewa.

Dodon, wanda ko sunansa bai iya faɗa ba, ya jefa 20 cif. Ya gane ni. Maki 7 kacal ya ji, kamar cizon sauro. Yaya kuwa, bawan Allah mai kyautata wa mutane zato, ya yi imani da wutata ɗari bisa ɗari, ya kwashi 35 ɗinsa ya zube.

Sai mai jan wasan ya buɗe littafi, har da gyaran murya, ya ce da na raɗa wa Yaya cewa wutar ta ƙarya ce, da ya samu ƙarin maki 4 a jifansa. Da 2 ya gaza.

Yaya ya ajiye fensir ya ƙura min ido. "Wato wata uku da wutar ƙarya kake raka mu?"

Don in kawar da zancen na tambaya ko ƙofar dai ta ƙone. Ashe a doka, kayan da ba su da rai ba sa ruɗuwa da wannan sihiri sam. Ƙofar ma ba ta yarda da ni ba. Ni na biya kuɗin tsiren daren.