Ashe ba kowa ne ya taɓa ganin Gizo ba

Daren jiya muna hira a tsakar gida aka tuno tatsuniyoyin kakarmu. Na ce ni har gobe ina ganin Gizo a raina: ɗan siriri, hula a karkace, yana tsamin baki yana shirya wa Ƙoƙi tsiya. Sai ƙanwata ta ce, "Yaya, wai gani kamar da ido?" Na ce eh mana. Ta ce ita tunda take, in ta rufe ido duhu kawai take gani. Duk shekarun nan ta ɗauka "gani a zuci" salon magana ne.

Abin yana da suna, afantasiya. Adam Zeman, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Exeter ta Ingila, shi ya raɗa masa a 2015, amma tun 1880 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Francis Galton, ya sa mutane su tuno teburin da suka karya kumallo, wasunsu suka ce su fa babu hoton komai a kansu. A 2021 masu bincike a Sidni ta Ostareliya suka zaunar da mutane a ɗaki mai duhu suna karanta labaran ban tsoro, na'ura tana auna gumin fatarsu. Masu ganin hoto gumi ya tsatso musu, masu afantasiya ko gezau. Da aka nuna musu hotunan ban tsoro na zahiri kuwa, kowa jikinsa ya amsa.

To a nan nake raba gari da masu cewa mai karatun labari ya fi tausayi, wai don yana ganin wahalar wani a zuciyarsa. Hoton yana motsa jiki, wannan ban musa ba. Ni ne nan mai hawaye a kan littafi, har ana yi min dariya a gida. Amma bara da maƙwabciyarmu ta kwanta asibiti, sannu na aika ta waya, na kwana ina hango ta a kan gado ina jin ba daɗi. Ƙanwata ce ta dama kunu ta kai mata, ta kwana biyu a kan tabarma wajen jinya.

Na tambaye ta jiyan, to me take ji in tana karanta labari? Ta ce sanin halin da mutum ke ciki take yi, ba sai ta ga fuskarsa ba. Ta tashi ta kwashe kwanuka.