Dillalan Biza Suna Jefa 'Ya'yanmu Cikin Ƙangi da Sunan Aiki a Saudiyya

Akwai wata sana'a da ta kafu a Zariya cikin 'yan shekarun nan, wadda ba ta buƙatar jari mai yawa amma take tara wa masu ita dukiya, wato sana'ar tura matasa aiki ƙasar Saudiyya. Masu yin ta suna kiran kansu ejan. Sai mutum ya kama ɗan shago a Tudun Wada ko Sabon Gari ko bakin Kwangila, ya rataya hoton Ka'aba a bango, ya ajiye kwamfuta ɗaya a kan tebur, shi ke nan an buɗe ofis. Ba ina nufin duk mai harkar tafiye-tafiye macuci ba ne, domin akwai masu rajista da suke kai mutane Umara su dawo da su lafiya. Maganata a kan waɗanda suke karɓar kuɗin talaka da alkawarin aiki take, alhali sun san sarai irin ƙangin da suke jefa ɗan mutane a ciki, kuma raina a ɓace yake matuƙa domin abin ya shigo har cikin gidanmu.

Ƙanena ya gama difloma, ya nemi aiki har ya gaji, ya koma tuƙa Keke Napep na wani tsakanin Ƙofar Doka da Samaru. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da yake samu a rana ya koma da ƙyar yake isa kuɗin mai da balas ɗin mai keke. A wannan halin ne wani ejan ya same shi da zancen aikin direba a kamfani a Jidda, da masauki da abinci da albashi a riyal, har da ƙarin cewa zai riƙa zuwa Umara duk lokacin da ya ga dama. Lissafin yana da daɗin ji, domin riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, ita kuwa naira a lokacin tana ta gangarawa tun da aka sake ta a watan Yuni na shekarar, saboda haka ko ƙaramin albashi a can, idan aka juya shi nan, sai ya zarce na ma'aikacin gwamnati mai digiri. Innarmu ta amince aka sayar da filin da mahaifinmu ya bari, aka haɗa da kuɗin adashin matata, aka kai wa mutumin nan. Abin da ta riƙa faɗa shi ne, ko ba komai ƙasa mai tsarki zai tafi. Da wannan kalmar suke cin kasuwarsu, domin sun san babu uwar da za ta hana ɗanta zuwa kusa da Makka da Madina.

Takardar da aka sa ya sa wa hannu da Larabci take, ba a karanta masa ba, ba a kuma ba shi kwafi ba. Ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano cikin murna. Yana sauka wani Balarabe ya tarbe shi, ya karɓe fasfonsa tun a cikin mota, ya yi ta tafiya da shi har gari ya ɓace, ya sauke shi a wani garke a tsakiyar sahara. Babu kamfani, babu mota, sai tumaki da raƙuma da tanti ɗaya da tankin ruwa da ake cikawa idan an tuna. Yaron da bai taɓa kiwon ko akuya ba shi ne ya koma makiyayi, a wurin da sai ya hau tudu kafin waya ta kama. Albashin da ya samu bai kai abin da aka yi masa alkawari ba, shi ma sai a haɗa watanni ba a ba shi ba, idan ya tambaya a ce masa ana cire kuɗin da aka kashe wajen kawo shi.

Ya kamata iyaye su fahimci yadda tsarin yake, domin ejan ba zai taɓa bayyana musu ba. A Saudiyya baƙon ma'aikaci yana ƙarƙashin kafil ne, wato wanda ya nemo masa biza, kuma igamarsa, takardar izinin zama, a ɗaure take da sunan wannan mutumin da kuma irin aikin da aka rubuta a bizar. Gaskiya ne a watan Maris na 2021 hukumomin ƙasar sun sassauta dokar, suka ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba tare da jiran yardar mai gida ba. Sai dai wannan sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da masu aikin gona da makiyaya ba, kuma akasarin bizar da dillalan nan suke sayar wa yaranmu irin waɗannan ce. Dokar ƙasar ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, amma wanda yake tsakiyar daji, ba ya jin Larabci, bai san hanyar gari ba, ina zai kai ƙara?

Da wahala ta kai masa iya wuya sai ya gudu, ya bi wata motar kaya ya shiga gari. Nan take kafil ya kai rahoton cewa ma'aikacinsa ya tsere, kuma sakamakon wannan rahoton ƙanena ya zama mai zaman ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Ba zai yi aiki a fili ba, zuwa asibiti ma sai da fargaba, kullum yana ɓuya daga askarawa. Yanzu yana kwana a wani ɗaki tare da wasu 'yan Kano da 'yan Nijar, yana ɗaukar kaya a ɓoye don ya ci abinci. Hanyar dawowar irinsu sananniya ce: a kama mutum, a kai shi tarhil, wato gidan tsare baƙin da za a mayar ƙasarsu, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, ya zauna har ranar da za a sako shi a jirgi, a kuma hana shi sake shiga ƙasar. Mun ga yadda aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya daga irin wannan wurin a farkon 2021, bayan bidiyon halin da suke ciki ya bazu a intanet. Ya kan turo mini saƙon murya ta WhatsApp cikin dare, yana cewa, "Yaya, don Allah kada ka faɗa wa Inna komai, ka ce mata ina lafiya." Ita kuwa kullum bayan sallar asuba sai ta miƙo mini wayarta in duba ko ya turo wani abu.

Na koma wurin ejan ɗin. Na same shi a kan kujera mai juyawa, da carbi a hannu, ga wasu samari biyu a benci riƙe da sababbin fasfo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ai aikinmu biza ne da tikiti, kuma mun yi. Shi ya gudu daga wurin mai gidansa, sai haƙuri." Da na nemi takardar yarjejeniyar sai ya ce tana wurin abokin hulɗarsa a Kano, rasit ɗin da ya ba mu kuwa ba a rubuta kalmar aiki a jikinsa ba, kuɗin hidima kawai aka sa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya sassauta murya ya ce, idan za mu kawo wasu kuɗin, yana da wanda zai karɓo fasfon daga hannun kafil. Wato mu biya shi ya kai yaron, mu sake biyan shi ya fito da shi. Wani ofishi da aka ce in kai kuka, can ma aka ce in rubuto takarda in dawo, na rubuta na dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya.

Namiji ke nan. Halin matan da ake kaiwa aikatau ya fi wannan muni, zawarawa da 'yan mata da ake kulle su a gidaje, su yi aiki daga asuba har tsakar dare, wata a ƙwace mata waya, wata ta dawo da abin da ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Mu ma a gida muna da hannu a rufa-rufar, domin iyalin da aka cuta sun gwammace su ce ɗansu yana Saudiyya lafiya lau da a ce an yaudare su, shi ya sa maƙwabci yake sayar da gonarsa ya kai wa ejan ɗin da ya cuci na kusa da shi.

Ba doka aka rasa ba. Duk mai ɗaukar 'yan Najeriya aiki zuwa waje dole ne ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Akwai hukumar NAPTIP da aka kafa tun 2003 don yaƙi da fataucin mutane, kuma ɗaukar mutum da yaudara a kai shi aikin da bai yarda da shi ba yana cikin abin da dokarta ta hana. Akwai hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, ga ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Amma talakan da ke Gyallesu ko Tukur-Tukur bai san da su ba, ejan kawai ya sani, domin shi ne yake zuwa har majalisar unguwa. Ina kira ga masu unguwanni da limaman Juma'a na Zazzau da su faɗa wa jama'a ƙarara cewa kada wanda ya ba da ko kwabo sai ya ga lasisin ɗaukar ma'aikata, ya kai yarjejeniyar wurin mai jin Larabci ya karanta masa, ya kuma tabbatar da sunan aikin da ke jikin bizar, kuma malaman Larabci ba su yi mana ƙaranci a garin nan ba. Mu dai mun haɗu da wasu gidaje biyu da mutumin nan ya yi wa irin wannan aika-aika, mun tattara rasit da saƙonnin waya, mun ɗauki lauya, kuma a gaban alƙali zai yi bayanin inda kamfanin Jidda yake.