Kasuwa a ƙofar gida, tukunya babu ganye

A unguwar Hunts Point da ke Bronx, cikin birnin New York, akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin sarin kayan lambu na duniya. Tun 1967 manyan motoci ke sauke tumatir, latas da lemo a wurin cikin dare. Amma unguwannin da ke kewaye da ita, inda baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa, suna cikin mafi talauci a ƙasar, ciwon suga kuma ya yi musu katutu. Akwai 'yan'uwanmu na Ghana da Nijar da yawa a Bronx ɗin, su ma abin ya shafe su.

An daɗe ana ɗora laifin rashin cin kayan lambu kan nisa, wai babu babban kanti kusa. To, a 2011 an buɗe wani a unguwar Morrisania da ke Bronx ɗin, da tallafin hukuma, masu bincike suka bi sawu, suka tarar abincin yaran unguwar bai canza wani abin kirki ba.

Ni dai ban yi mamaki ba. Tallafin abinci na SNAP, wanda gwamnatin Amurka ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, sau ɗaya a wata yake shiga kati. Uwa ta yi cefane babba, dole ya kai ta ƙarshen wata. Shinkafa, taliya da abincin gwangwani za su jira ta. Alayyafo kuwa kwana kaɗan ya yi yaushi, ayaba ta yi baƙi. Ga yaro, sai an yi ta ba shi sabon ganye yana turewa kafin ya saba. Mai hali zai zubar ya sake saye. Wadda ke ƙirga dala ɗaya-ɗaya fa? Abin da ta tabbata za a cinye shi take ɗauka, kuma wallahi lissafinta daidai ne. Masu yi mata wa'azin cin ganye su fara biyan kuɗin wanda ya ruɓe.

Shi ya sa na fi ganin hikimar tsarin da aka fara a Detroit a 2009: ka kashe dala ɗaya ta SNAP a kasuwar manoma, a ƙara maka wata ta kayan lambu. Asara ta ragu, sai mutum ya yi ƙarfin halin gwadawa. Sai dai yawancin kasuwannin nan da rana suke ci, lokacin da uwar tana wurin aiki, da sanyi ya shigo kuma da yawansu sun tashi ke nan sai wata shekara.