Ƙannena, ɓarawon kwamfuta ba ya haura katanga

Wani ƙanena, ɗan baffana, ya yi mini sallama bayan Isha'i da kwamfutarsa a hammata, ido ya raina fata. Saura kwana tara ya kare furojet ɗinsa na digiri. Da rana ya kai filash shagon buga takardu a fitar masa da babi na huɗu, ya dawo gida ya tarar babu fayil ko ɗaya, sai wasu 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gefe, ɗauke da sunayen foldojinsa. Kafin ya iso wurina ya danna su ya fi sau goma, wai ko za su buɗe.

"Yaya, na shiga uku, aikin shekara guda ya tafi."

Aikin na nan. Wannan bairos ɗin da ake kira shotkot ɓoye fayil yake yi, sai ya ajiye na bogi a madadinsu, kowace dannawa kuma ƙofa ce ka buɗe masa ya shiga kwamfutarka. Na buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa Windows umarni, na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* domin E ne harafin filash ɗinsa, kafin shayin da aka kawo mana ya huce babobinsa sun dawo. Ya yi ta godiya kamar na tayar da mamaci. Sai da na leƙa cikin kwamfutar kanta raina ya ɓaci. Antibairos uku ne a ciki, biyu wa'adinsu ya ƙare tun bara. Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke zuwa tare da Windows, an kashe shi. Windows ba ta taɓa ganin sabuntawa ba tun ranar da ya saye ta. Can cikin wata folda ga KMSpico kwance, manhajar da ake yi wa Office kirak da ita, wato a buɗe shi ba tare da an sayi lasisi ba. Na tambaye shi wa ya yi wannan aika-aika, ya ce mai shagon da ya sayar masa ne ya "loda masa komai" kyauta.

To, 'yan uwana matasa, ku da kuke tara kuɗi ku sayi ta hannu a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko a aiko muku daga Computer Village ta Ikeja, wannan "komai" ɗin ku ji tsoronsa. Kusan duk manhajar kirak, sharaɗinta na farko shi ne ka kashe antibairos kafin ka girka ta. Baƙo ne ya ce ba zai shigo gidanka ba sai ka sallami maigadi, kai kuma ka ce bismilla. Akwai wani bairos mai garkuwa da fayil, STOP ko Djvu, wanda babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce irin waɗannan manhajoji na sata. Shi idan ya shiga, kulle hotunanka da takardunka yake yi da makullin da ba ka da shi, ya bar maka 'yar wasiƙa: dala 980, ko 490 idan ka biya cikin awa 72. Nan attrib ba ta da abin yi. Akwai shafin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holan da kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake samun makullan wasu daga cikin waɗannan bairos kyauta, amma ba kowane iri ne ke da magani ba.

Abin haushin ma, yawancin abin da muke sata akwai halattaccensa kyauta. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, yana kuma adana su a siffar da malaminka zai iya buɗewa. VLC na kunna kusan kowane bidiyo. 7-Zip na kwance fayilolin da aka ɗaure. Sai dai ka ɗauko kowacce daga gidan masu ita, kada ka bi wani shafi mai maɓallin "Download" huɗu, uku daga ciki tarko.

Batun antibairos kuwa, ku daina tara su. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya: suna rigima a kan fayil guda, su cinye ƙarfin na'ura, kuma da zarar ka girka wani, Defender janyewa yake yi. Idan wancan ya mutu ba ka sabunta ba, Defender kuma an kashe shi kamar na ƙanena, to ka zauna babu mai tsaro kana zaton kana da uku. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows 10 da 11 ya wadatar da kwamfutar gida, muddin yana kunne yana kuma samun sabuntawa. Ka ƙara da Malwarebytes na kyauta, ka riƙa bincike da shi lokaci-lokaci, domin ya ƙware wajen tsinto manhajojin talla da ke manne wa burauza. Smadav ɗin nan na Indonesiya mai koren tambari da kowane shagon buga takardu ke ji da shi, yana da amfaninsa a kan filash, amma su kansu masu shi a matsayin mataimaki suke tallata shi. Kada ka ɗora masa rawanin da ba nasa ba. Idan kuma wani ya turo maka fayil zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka ɗora shi a VirusTotal, mallakar Google, injinan bincike kusan 70 su duba shi a lokaci guda. Ban da takardar sirri fa, don abin da ka ɗora can masu bincike na iya ganinsa.

Na san abin da zai sa a harare ni: sabuntawa tana cin data. Gaskiya ne, tana ci, ni ma da kuɗina nake saye. Amma ku ji wannan. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wani bairos mai garkuwa da fayil, WannaCry, ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya, aka karkatar da motocin ɗaukar majinyata. Ɓarakar da ya bi ya shiga, Microsoft ta riga ta fitar da facinta tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru. Wanda ya sabunta ya kwana lafiya, wanda ya ce sai an jima ya kwana ciki. Idan data ce matsalar, ka sayi ta dare mai rahusa sau ɗaya a wata ka bar ta tana saukewa kana barci, ko ka lallaɓa inda ake da wayifai. Ka duba kuma ko an sanya layinka a matsayin mai ƙididdigar data, domin hakan na hana yawancin sabuntawa sauka.

Wanda ke kan Windows 7, tun 14 ga Janairu, 2020 aka daina yi mata faci. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Da yawa daga tsofaffin na'urorin da ake kawo mana ba za su ɗauki Windows 11 ta hanyar da ta dace ba, saboda tana neman wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon furosesa. Idan taka na cikinsu, kuma aikinka bai wuce rubutu da intanet da kallo ba, ka gwada Linux Mint, wadda ake girkawa a madadin Windows. Kwana biyu za ka yi kana lalube, daga nan ka saba, kuma bairos ɗin shotkot ba ya da kataɓus a can.

Sharar da ke taruwa cikin kwamfuta kuwa, a nan ne aka fi yi mana romon baka. Duk tallan da ya faɗo maka yana cewa kwamfutarka na da kurakurai dubu kaza, danna nan a gyara, rufe shi kawai. Windows na da tsintsiyarta: Storage Sense da Disk Cleanup suna kwashe tarkacen wucin gadi da ragowar tsofaffin sabuntawa. Idan wuri ya cika ba ka san me ya cinye shi ba, WinDirStat ko WizTree za su zana maka faifan ajiyar gaba ɗaya ka ga mai laifin da idonka. Na ƙanen nawa, finafinai ne da ya kwafa sau biyu a foldoji daban-daban. Idan nauyin tashi ne ya dame ka, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Startup, ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya farka tare da kai. Sau da yawa nawar da ake ɗora wa tsufan na'ura daga nan take. CCleaner, manhajar share shara da aka saba da ita, ba ta zama dole ba, kuma ko ita a 2017 'yan kutse sun cusa guba a sigarta ta 5.33, mutum sama da miliyan 2 suka sauke ta daga halattacciyar hanya. Sashenta na share rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, ma ku bar shi, saurin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba, ɓarnar da yake iya yi kuwa sai an yi fomatin. Af, tun da ana maganar tsafta, ƙurar hunturu babu manhajar da ke share ta. Idan fanka ta fara kuka kamar injin markaɗe, a kai wa mai gyara ya buɗe ya busa, a kuma daina ɗora na'ura a kan katifa tana toshe mata hanci.

A burauza ka sa uBlock Origin, wanda cikakkensa ke aiki a Firefox, masu Chrome kuma su nemi ƙaninsa uBlock Origin Lite. Yana tare tallace-tallacen yaudara, yana rage cin data. Duk shafin da ya roƙi izinin turo maka sanarwa, ka hana shi. Kalmar sirri kuma, sunan budurwa da shekarar haihuwa a Facebook da Gmail da manhajar banki duk iri ɗaya, wannan ganganci ne, don wuri ɗaya aka fasa an gama da sauran. Bitwarden kyauta ce, ita za ta ƙirƙiro maka kalma daban ga kowane asusu ta adana, kai ka haddace guda ɗaya mai tsawo. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda bayan kalmar sirri sai ka ƙara da lambar da za ta zo wayarka, a imel ɗinka kafin komai, tun da ta can ake sake kalmar sirrin sauran asusun. Mai son sanin ko adireshinsa ya taɓa fita a wani kutse ya duba a shafin Have I Been Pwned.

Duk wannan na faɗa wa ƙanen nawa a daren, yana gyaɗa kai yana hamma. Abu ɗaya ne na hana shi tashi sai ya yi a gabana. Furojet ɗinsa kaf a filash guda yake zaune, filash ɗin da ke yawo aljihu zuwa aljihu, daga shago zuwa shago. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive na ba da 5, babobinsa biyar kuwa ko megabait 20 ba su kai ba. Muka ɗora su a Drive, muka kwafa a kwamfutar, muka sa wani kwafin a faifan waje na ce ya cire shi ya jefa a durowa, domin faifan da aka bari a jone, mai garkuwa da fayil tare yake kulle su da kwamfutar. Daga nan na sa ya buɗe kwafin Drive ɗin a wayarsa ya karanta mini shafin farko, don in tabbatar abin da muka ɗora yana buɗuwa. Babi na huɗu kuwa na ce gobe ya mayar da shi PDF ya tura wa mai shagon ta imel ko WhatsApp, filash ɗin ya zauna a gida.